Yadda Ake Karɓo Tarihin Pillars Daga Bakin Masu Shi

Ni tela ne, shagona yana Fagge, kuma littafin awo na fara rubuta tarihin Kano Pillars a ciki. A 2008 ne, ranar da ta tabbata mun ɗauki kofin lig karon farko. Babu wata takarda a kusa sai wadda nake rubuta tsayin riga da faɗin kafaɗar mutane, sai na juya bayanta na sa kwanan wata, na sa sunan koci, Kadiri Ikhana, na jero 'yan wasan da na iya tunawa. Washegari wani dattijo ya zo karɓar ɗinkinsa, ya leƙa ya gani, ya ce da ni yaro ai daga tsakiya ka faro. Ya zauna a benci tun hantsi, bai tashi ba sai da aka kira azahar, ni kuwa ko zare ban sa a keke ba. Daga ranar zuwa yau na cika littafi goma sha ɗaya.

Samari da dama sun tambaye ni ta ina za su fara, musamman masu son su riƙa sa labaran a Facebook. Ga yadda nake yi, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

Kafin ka taka ƙofar kowa, ka kafa turakunka. Labarin dattijo tamkar akuya ne, in babu turke sai ya faɗa gonar wani. Turakun su ne shekarun da babu gardama a kansu, kuma ba su da yawa, rabin shafi ya ishe su. An kafa ƙungiyar a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. A 1991 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, El-Kanemi ta Maiduguri ta ɗauke. Kofin lig huɗu ne: 2008, sannan uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. Kofin ƙalubale ya shigo a 2019. Mun faɗa gasar gajiyayyu a 2022, muka dawo a 2023. Ka haddace waɗannan kamar yadda ka haddace lambar wayarka, don a gaban dattijo ba za ka sami sararin duba takarda ba.

Dalilin haddar shi ne mutanenmu ba sa ƙirga da shekara. Ba wanda zai ce maka "a 2013". Cewa zai yi shekarar da na aurar da 'yar fari, ko lokacin da wasa ya faɗo cikin azumi, ko zamanin gwamna wane. Kai ne za ka juya wannan ya koma lamba. Zamanin gwamnoni ya fi komai sauƙi, tunda ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce: kofin farko a lokacin Malam Ibrahim Shekarau ya zo, ukun nan na jere a zangon Kwankwaso na biyu, kofin ƙalubale a lokacin Ganduje. Amma ka yi hattara, da ka ambaci sunan gwamna a majalisa hira ta bar ƙwallo ke nan, sai dai ka dawo wani makon. Ni a zuciyata nake yin lissafin, ba na furtawa. Fili ma yana taimakawa. Ka tambaya, a Sabon Gari aka yi ko a Ƙofar Mata? Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata shi ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da kofin Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, kuma mutane suna tuna waɗannan sosai saboda baƙin da suka cika gari. In ka ce kafin zuwan baƙin nan ne ko bayansu, yawanci za a ba ka amsa nan take.

To, wa za ka nema?

Kowa zai ce maka Ahmed Musa, ko Rabi'u Ali Pele, ko Gambo Muhammad. Ka bar su tukuna. Ba don komai ba sai don an yi hira da su har ba adadi, amsar da za su ba ka ita ce wadda suka bai wa rediyo, kuma in ka je hannu rabbana babu abin da ka sani, ka ɓata damarka ta farko. Ka fara da waɗanda ba a taɓa miƙa wa makirfo ba. Tsohon direban motar ƙungiya. Wanda ya yi shekaru yana yaga tikiti a ƙofa. Mai wankin jesi. Makaɗan magoya baya, waɗanda suka bi ƙungiyar har Aba da Fatakwal a motar haya. Mai rake da mai gurasa da suka tsufa a bakin filin. Waɗannan sun ga abin da ɗan jarida bai gani ba, kuma babu wanda suke karewa.

Akwai rukuni biyu da nake roƙon ka gaggauta zuwa wurinsu, don ƙasa tana ta rufe idanunsu. Na farko tsofaffin ma'aikatan WRECA, hukumar nan ta aikin ruwa, da na Bank of the North, waɗanda suka ga ƙungiyoyinsu kafin a narkar da su. A wurinsu za ka ji cewa haɗewar ba kowa ta yi wa daɗi ba, don wanda ya saba da sunan ƙungiyarsa ba ya sakinsa a dare ɗaya. Na biyu waɗanda suka kalli Raccah Rovers, tsohuwar ƙungiyar Kano wadda ta ɗauki kofin lig a 1978, shekara goma sha biyu kafin a haifi Pillars. Dattijon da ya zauna a bencina ita yake nufi da ya ce na faro daga tsakiya. A wurinsu sunan Alhaji Ibrahim Galadima zai yi ta fitowa, wanda ya daɗe a harkar wasanni ta Kano kafin ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006.

Kada kuma ka tsaya cikin ganuwa. Ka shiga Sabon Gari. Mu ne muke ihun "Sai Masu Gida", amma gidan da yawa daga waɗanda suka riƙe shi baƙi ne da suka zo cin abinci suka zama 'yan gari: Abiodun Baruwa da Theophilus Afelokhai a raga, Junior Lokosa da ya ci 19 a 2018, su Ikhana da Emordi a benci. Masu gidajen da suka ba su haya, da matan da suka dafa musu abinci, suna nan. Maganar mata kuwa, hotuna a hannunsu suke. Tsohon ɗan wasa zai rantse maka ba shi da ko ɗaya, alhali suna ƙasan akwatin uwargida. Ni ba na shiga, maiɗakina nake turawa, kuma takan fito da abin da ni da na shekara ina zarya ba zan samu ba.

Kada ka je da kanka kai tsaye. Ka sami wanda dattijon yake jin nauyinsa ya yi maka iso, ko da mai shayin unguwar ne. Bayan la'asar ya fi, kuma kada ka kuskura ka je washegarin ranar da aka ci mu, don ranar zagin koci kawai za ka kwasa. Ka riƙe goro, ko 'yar ledar lemo in ka ji ba ya cin goro. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata: Baba ina wuni, ya iyali, ya ƙarfin jiki. In tsohon ɗan wasa ne ka kira shi da laƙabin da aka san shi da shi a fili, za ka ga fuskarsa ta sake. In tsohon jami'i ne, ranka ya daɗe ba ta taɓa yin yawa. Zuwan farko gaisuwa ce kawai, waya tana aljihu, littafi yana jaka. Ka faɗi ko kai ɗan wane ne, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi rana. A zuwa na biyu ne za ka ce, Baba, ko ka yarda in naɗi muryarka don kada in manta? In ya ce a'a, a'a ce. Ka rubuta da hannu, ko ka riƙe a ka har ka fita ka sami gindin bishiya.

Tambayar da ta fi kowace lalata hira ita ce "Baba ba ni tarihin Pillars." Zai gyara zama ya karanto maka abin da kowa ya sani, da muryar mai karanta labarai. Ƙananan tambayoyi su ke buɗe baki. Nawa ne kuɗin shiga a lokacin? Wace mota kuka hau zuwa Maiduguri, a ina ta lalace? Me kuka ci a hanya? Wa yake zama kusa da kai a filin, yana raye? Wa ya fara kai ka kallo? Wannan ta ƙarshen ban taɓa yin ta ba a ba ni amsa gajeriya ba. Ni kaina kawuna ne ya kai ni Sabon Gari a bayan kekensa, kuma har yau in na ji ƙamshin gyaɗa mai gishiri a ƙunshin takarda, can nake komawa.

In ya fara, ka kama bakinka. Ya yi shiru, ka bar shi da shirunsa, tunowa yake. Kuskuren da na tafka a farko shi ne sa wa mutum magana a baki. Na taɓa ce wa wani tsohon mai goyon baya, ai kai ma kana filin ranar da Nasarawa United ta ci mu a gida ko? Ya ce ƙwarai kuwa, ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ranar ba ƙaramar rana ba ce: Agustan 2015, ci biyu da ɗaya, bayan wasa 202 na lig a gida ba a doke mu ba tun 2003. Na rubuta shafi uku. Bayan wata biyu ɗansa yake gaya mini ai a lokacin Baba yana kwance a asibiti, a rediyo ya ji. Ba ƙarya ya yi niyya ba, ni na buɗe masa ƙofa, shi kuma kunya ta hana shi ya ce ba ya nan. Da cewa na yi "a ina labarin ya same ka?", da na sami abin da ya fi: yadda aka ji shi a ɗakin marasa lafiya.

Alƙalami biyu nake riƙewa. Shuɗi na abin da na ji daga baki biyu da ba su san juna ba, ko na gani a tsohuwar jarida. Ja na "an ce". Yawancin littattafaina ja ne, kuma ba na jin kunyar haka. Don neman jarida, ka gwada ɗakin karatu na Murtala Muhammad da na Jami'ar Bayero, ka nemi tsofaffin Triumph da New Nigerian, ka duba shafin baya na ranakun Litinin. Ka tafi da ƙyallen rufe hanci, ƙura ce.

Akwai wurare uku da kusan kowa yake zamewa, gara ka san su tun yanzu.

Na farko 1953. Da muka ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna a watan Yulin 2019, bayan an tashi babu ci da Niger Tornadoes muka yi nasara a bugun fenareti huɗu da uku, sai aka yi ta cewa Pillars ta jira shekara 66. Garin Kano ne ya jira shekara 66. Waɗanda suka ci Lagos Dynamos a 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano ne, Pillars kuwa sai bayan shekara 37 aka kafa ta. Ka rubuta 1953 da shuɗi, amma a babin gari, ba a babin ƙungiya ba.

Na biyu Ahmed Musa. Za a rantse maka yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin 2008. Bai zo ba tukuna a lokacin. Kakar 2009/2010 ce tasa, ya ci 18, ya karya tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, muka ƙare a na biyu bayan Enyimba, shi kuma ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Ya dawo a 2021, ya sake dawowa a 2024. Abin da yake faruwa shi ne mutane suna tattara duk wani abin daɗi su ɗora wa wanda suka fi so. Haka ake yi wa Pele, har ƙwallayen da wasu suka ci a ba shi, shi da nasa ma sun ishe shi.

Na uku 2009, shekarar da na fi so a tambaye ni. Al Ahly ta Masar ce take riƙe da kofin zakarun Afirka, muka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya a gida, aka je Alƙahira aka tashi biyu da biyu, muka fitar da su da ƙwallon waje, wato don mun fi su cin ƙwallo a gidan abokin hamayya. Ba mu ci su ba ko sau ɗaya, amma a majalisa za ka ji an ce mun lallasa su a gidansu. Muka fito daga rukunin da yake da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ƙarƙashin Ivo Sajh, Bature ɗan Sulobeniya. Daga nan yawancin masu ba da labari sai su yi tari su nemi ruwa. Ka jira su sha, sannan ka tambaya a hankali, to wasan kusa da na ƙarshe fa? Heartland ce, 'yar'uwarmu ta nan Najeriya, ta yi mana huɗu da nema a Owerri, ta biyo mu ta ƙara ɗaya. Wanda ya ba ka Alƙahira ya ɓoye Owerri, rabin riga ya ɗinka maka.

In kun saɓa da dattijo a kan irin waɗannan, kada ka gyara masa a gaban mutane. Ka rubuta nasa da ja, ka gode masa. In kun keɓe wata rana kana iya cewa, Baba na ga wata jarida ta ce kaza, ko su suka yi kuskure? Sau da yawa shi da kansa zai ce af, haka ne.

Sai abubuwan da ba a tambaya da garaje. Watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a wajen Abaji, tana hanyar Owerri wasan buɗe kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo. Watan Fabrairun 2018 Chinedu Udoji ya buga wa Pillars wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba, a daren ya rasu a haɗarin mota a nan cikin gari. Irin waɗannan ba ka ɗago su, jira kake mai labari ya kawo kansa, in ya kawo kuma ka ajiye alƙalami ka yi addu'a tukuna. Asaba dabam ce, wannan ciwo ne da ake iya yi wa dariya yanzu: Oktoban 2018, wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, muna gaban Enugu Rangers da ci uku da nema, suka farke duka a ƙarshen wasa, suka ɗauke a fenareti. Tambayi kowa inda yake a daren. Ni ina gidan kallo a unguwarmu, har na aika yaro ya sayo lemo na rabawa tun ana uku. Da aka tashi babu wanda ya taɓa kwalba ko ɗaya, mai shagon kuma ya ƙi karɓa.

Za a kuma kawo maka maganar asiri, da alƙalin wasan da aka ce an saya, da jami'in da aka ce ya danne kuɗin 'yan wasa. Ka saurara, don cikin hirar suke. Amma sunan mutum ba ya shiga littafina a kan zargin da ba ni da hujjarsa, ko da jan alƙalami ne, balle in sa a intanet. Rigimar 'yan kallo kuwa, wadda ta ja aka ƙwace mana maki aka kuma raba mu da filinmu a kakar da muka faɗi, ita ina rubuta ta, don mu muka yi, kuma hukuncin a fili aka yanke shi.

Hoto in an ba ka, kada ka fita da shi daga gidan. Ka shimfiɗa shi a inuwa, ka ɗauka da waya, gaba da baya, don sau da yawa a bayan ne aka rubuta shekara ko hatimin mai hoto. Sannan ka sa mai shi ya bi fuskokin da yatsa daga dama zuwa hagu yana faɗin sunaye, kai kana naɗa. Hoton da babu sunaye, bayan shekara ashirin taron samari ne kawai cikin rawaya da kore. In ka samu hali ka wanko babba ka kai masa tukwici, wannan ya fi kuɗi buɗe maka ƙofa ta gaba.

A daren da ka yi hira, a daren za ka kwafe ta a littafi, da sunan unguwa da kwanan wata, ka kuma tura muryar zuwa wayar wani naka. Na koyi wannan da tsada. Na yi zama huɗu da wani tsoho da ya buga wa ɗaya daga ƙungiyoyi ukun nan kafin haɗewa, ina ta cewa sai bayan sallah zan kwafe, don lokacin ɗinkin sallah ne, ko barci ba na samu. Wayar ta zame daga aljihuna a adaidaita sahu tsakanin Ƙofar Mata da Fagge. Da na koma bayan sallah, na tarar da tabarmi a ƙofar gidan, ana zaman makoki na kwana uku. Abin da na iya tunowa na rubuta, bai cika shafi biyu ba, kuma duk da ja.

Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu ina da alƙawari da wani tsohon direba a Gwammaja, wanda aka ce ya ja motar ƙungiyar a shekarun farko. Mai shayin layinsu ne ya yi mini iso, ya kuma ja mini kunne cewa Baba ba ya ji da kunnen hagu, in zauna ta damansa.